Rabat, Madrid ko Lisbon: Wane Babban Birni Ya Fi Dacewa da Mai Son Kallon Gasar Cin Kofin Duniya ta 2030?

A ranar 11 ga Disamban 2024 hukumar FIFA ta tabbatar da cewa Maroko da Sifaniya da Fotugal ne za su karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 2030, ban da wasanni uku da za a buga a Uruguay da Ajantina da Paraguay domin tunawa da cikar gasar shekara 100 da somawa. Manyan biranen ƙasashen uku, wato Rabat da Madrid da Lisbon, duk suna cikin garuruwan da aka gabatar domin ɗaukar wasanni. Wanda aljihunsa ba zai kai shi ko'ina da ko'ina ba, kuma mafi yawan masu niyyar tafiya haka suke, dole ne ya zaɓi gari guda ya yi zango, daga nan ya riƙa kai-komo. Zaɓin nan ya fi ƙarfin tambayar wane fili ne ya fi kyau a hoto.

Abubuwa biyar ne ya kamata a ɗora kowane birni a kansu. Na farko izinin shiga ƙasa, domin shi ne ke iya rushe tafiyar gaba ɗaya. Na biyu kuɗin masauki da abinci da abin hawa. Na uku sauƙin zuwa fili da dawowa masauki cikin dare. Na huɗu ɗorewar shirin, wato ko zangon da mutum ya zaɓa zai ci gaba da yi masa amfani idan jadawali ya jefa ƙungiyarsa wani gari. Na biyar zaman yau da kullum: wurin sallah, abincin halal, zafin gari da haɗarin da baƙo ke iya gamuwa da shi. Farashin da za a ambata a nan na 'yan shekarun nan ne, kuma a lokacin gasa komai kan tashi, musamman ɗakin kwana. Amfaninsa shi ne nuna tazarar da ke tsakanin biranen, wadda ba ta cika sauyawa ba.

Izinin shiga ƙasa

Sifaniya da Fotugal suna cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza ta bai ɗaya, saboda haka biza ɗaya ce ke buɗe Madrid da Lisbon. Tun daga watan Yunin 2024 kuɗin bizar ya zama Yuro 90 ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci. Ana buƙatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar ɗawainiyar Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar tikitin dawowa, da bayanan asusun banki, da abin da zai gamsar da jami'in cewa mai nema yana da aiki ko sana'a ko iyali da za su dawo da shi gida. Ba a karɓar takardu sai tafiya ta rage wata 6 ko ƙasa da haka, amsa kuma kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45. Idan aka hana mutum, kuɗin da ya biya ya tafi. Akwai kuma ƙa'idar da mutane da yawa ke tuntuɓe da ita: ana neman bizar ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, don haka wanda zai yi kwana goma a Madrid da kwana uku a Lisbon ofishin Sifaniya zai nufa.

Maroko ta fi sassauci ga masu fasfo na Afirka, ko da yake sassaucin bai game kowa ba. 'Yan Nijar da Senegal na cikin waɗanda ke shiga ba tare da biza ba, 'yan Nijeriya kuwa sai da biza. A gasar cin kofin Afirka da Maroko ta shirya daga 21 ga Disamban 2025 zuwa 18 ga Janairun 2026, an yi amfani da manhajar Yalla, inda ɗan kallo ke samun katin shaidarsa kuma ya nemi biza ta intanet, sannan aka ce wa 'yan wasu ƙasashen da aka ɗauke wa biza su nemi izinin shiga ta intanet na ɗan lokaci. Wannan ya yi kama da katin Hayya na Qatar a 2022 da katin 'yan kallo na Rasha a 2018. Sai dai ba kowace mai masaukin baƙi ke yin haka ba, domin a gasar 2026 Amurka ta fito fili ta ce tikitin wasa ba biza ba ne. Mai hankali zai yi shirinsa na Turai bisa dokar Schengen yadda take a yau; idan sauƙi ya zo daga baya, riba ce.

Wanda ke tunanin haɗa nahiyoyin biyu ya lura da wani abu. Mashigin ruwan da ya raba Maroko da Sifaniya bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci, kuma jirgin ruwa daga Tanja ta Maroko zuwa Tarifa ta Sifaniya kusan awa guda yake yi, amma kusancin bai rage komai daga sharuɗɗan biza ba. Wanda ya shiga Madrid, ya tsallaka Rabat, sannan yake son komawa Madrid, yana buƙatar biza mai damar shiga fiye da sau ɗaya. Shiga Marokon kanta ya fi sauƙi a gare shi, domin tun daga Yulin 2022 Maroko ta buɗe bizar intanet ga masu riƙe da bizar Schengen mai aiki, bisa wasu sharuɗɗa.

A ganina wannan ma'auni shi kaɗai ya kai nauyin sauran huɗun, kuma a nan Rabat ce kan gaba da tazara mai yawa.

Rabat

Rabat gari ne mai mutum kusan rabin miliyan, a bakin Tekun Atlantika, kogin Bouregreg ne ya raba ta da Salé. Ta fi Kasablanka da Marrakesh natsuwa, kasancewarta garin fadar sarki da ma'aikatun gwamnati da ofisoshin jakadanci. Filinta shi ne na Yarima Moulay Abdellah, wanda aka rushe aka sake ginawa, aka buɗe a Satumban 2025, yana ɗaukar mutum kusan 69,000, kuma a cikinsa aka buɗe gasar Afirka ta 2025 aka kuma rufe ta. Ma'ana birnin ya riga ya gwada tarbar dubban 'yan kallo daga sassan Afirka kwanan nan.

Ta fuskar kuɗi ita ce mafi araha. Yuro ɗaya yana kaiwa dirhami 10 zuwa 11, tikitin taram, wato jirgin da ke bin titi tsakanin Rabat da Salé tun 2011, bai kai dirhami 10 ba, kuma a gidajen abincin da mutanen gari ke ci ana ƙoshi da abin da ba zai wuce kuɗin shayi da burodi a tsakiyar Madrid ba. Matsalar tana wajen kwana. Rabat ba garin yawon buɗe ido ba ce kamar Marrakesh ko Agadir, otal-otal ɗinta ba su da yawa, kuma idan jami'an gasa da 'yan jarida da tawagogi suka kama nasu, abin da zai rage wa talaka ɗan kallo kaɗan ne. Mafita ita ce gidajen baƙi na gargajiya da ake kira riyad a cikin tsohon gari, ko kwana a Salé, ko Temara, ko Kenitra, ko ma Kasablanka, wadda jirgin ƙasa ke kaiwa cikin kusan awa guda. Dirhami kuɗi ne da ba a cika samunsa a wajen Maroko ba, don haka a can ake canji, kuma a riƙe tsabar kuɗi domin ƙananan shaguna da tasi.

Zirga-zirga ita ce raunin Rabat idan aka kwatanta ta da sauran biyun. Babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, filin kuma yana gefen gari ta kudu maso yamma. Ƙananan tasi masu launin shuɗi suna da mita, ba sa ɗaukar fiye da mutum uku, kuma ba sa fita iyakar birni, har Salé da ake hangowa daga gaɓar kogi sai a taram ko babbar tasi. Filin jirgin saman Rabat-Salé ƙarami ne, yawancin masu zuwa daga ƙasashen Afirka ta Kasablanka suke sauka, inda kamfanin Royal Air Maroc ke da cibiyarsa, daga nan su hau jirgin ƙasa.

Inda Rabat ta rama shi ne matsayinta a taswira. Jirgin Al Boraq mai gudun kilomita 320 a awa, wanda ya fara aiki a Nuwamban 2018, yana bi ta Rabat tsakanin Tanja da Kasablanka, kuma ana aikin miƙa layin zuwa Marrakesh. Ana kuma gina katafaren filin Hassan na Biyu mai kujeru 115,000 a yankin Benslimane, tsakanin Kasablanka da Rabat. Cikin garuruwa shida na Maroko da aka gabatar, wato Rabat da Kasablanka da Tanja da Fas da Marrakesh da Agadir, ta ƙarshen ce kawai ke da nisan da zai hana mutum zuwa ya dawo cikin sauƙi. Wanda ya kama ɗaki a Rabat kamar ya kama ɗaki ne kusa da filaye uku ko huɗu.

Game da sallah da abinci babu abin da za a tsaya nema, masallaci na kowace unguwa, nama kuma na halal ne. Iskar teku tana sa zafin Yuni da Yuli ya tsaya ƙasa da digiri 30 a yawancin ranaku. Harshen titi Larabcin Maroko ne da Faransanci. Mai Larabcin makaranta za a fahimce shi, ko da shi zai sha wuyar fahimtar amsar. A ranakun da babu wasa akwai Hasumiyar Hassan da aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 12, da hubbaren Sarki Muhammad na Biyar, da unguwar Udaya da kangon Shella, waɗanda suka sa UNESCO ta saka birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Haɗarin da aka fi gani shi ne tsawwala wa baƙo farashi da direban da zai ce mitarsa ta lalace.

Madrid

Idan ƙwallon ce kaɗai ma'auni, babu gardama. Madrid na da filaye biyu a cikin shirin: Santiago Bernabéu na Real Madrid, mai ɗaukar mutum wajen 80,000, inda Italiya ta doke Jamus ta Yamma da ci 3-1 a wasan ƙarshe na 1982, da Metropolitano na Atlético, mai kusan 70,000, inda aka buga wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a 2019. Bernabéu na cikin filayen da ke neman wasan ƙarshe na 2030, tare da filin Hassan na Biyu. Sifaniya ce kuma ke da mafi yawan filaye a cikin ƙasashen uku, kuma layukan jiragenta masu sauri daga Madrid suke bazuwa: Barcelona kusan awa biyu da rabi, Sevilla ma haka, Zaragoza ƙasa da awa ɗaya da rabi. Ta fuskar ɗorewar shiri babu zangon da ya kai ta, domin ko'ina aka jefa ƙungiya a cikin Sifaniya, da wuya hanyar ta ƙi bi ta Madrid.

Zirga-zirgar cikin gari ma ita ce mafi kyau. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 1:30 na dare, layi na 10 yana tsayawa a ƙofar Bernabéu, layi na 7 a Metropolitano, layi na 8 kuma yana zuwa filin jirgin sama na Barajas. Tikitin tafiya ɗaya tsakanin Yuro 1.50 ne da Yuro 2, da ƙarin Yuro 3 idan filin jirgi za a shiga ko za a fito. Tasi daga Barajas zuwa tsakiyar gari farashinta a yanke yake, Yuro 33 tun daga 2024.

Kuɗin kwana shi ne zai cinye guzuri. Birnin yana da mutum sama da miliyan 3 da ɗakunan haya masu yawa, amma shi ne mafi tsada cikin ukun, kuma a ranakun manyan wasanni farashi kan ninka. Dabarar ita ce kama ɗaki a unguwannin gefe ko garuruwan kewaye irin su Getafe da Leganés da Alcalá de Henares, muddin kusa da tasha ne. Abincin rana mai farashi ɗaya da gidajen abinci ke yi a ranakun aiki ya fi na dare sauƙi ƙwarai. Sai dai Musulmi ya yi hattara, domin naman alade ya ratsa girkin Sifaniya har cikin miya da wake, kuma tambaya kafin ci wajibi ce. Unguwannin Lavapiés da Tetuán suna da mahauta da gidajen abinci na halal, akwai kuma babban masallacin da ke gefen titin M-30, wanda aka buɗe a 1992, da masallacin Abubakar a Tetuán.

Abu biyu ne baƙo ba ya zata. Madrid tana tsakiyar ƙasa, nesa da teku, zafin Yuli kan haura digiri 33, wani lokaci ya doshi 40. Na biyu, a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura kwata na dare, abin da ke kai Isha'i kusan tsakar dare. 'Yan sane kuma sun ƙware a dandalin Puerta del Sol da cikin jirgi idan ya cika.

Lisbon

Lisbon tana tsakiyar biyun kusan a kowane fanni. Filayenta biyu ne: Luz na Benfica, mai kujeru sama da 65,000, inda Girka ta ba Fotugal mamaki da ci 1-0 a wasan ƙarshe na gasar Turai ta 2004, da José Alvalade na Sporting, mai kusan 50,000. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan kilomitoci ce, kowanne da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a kusa, filin jirgin sama ma cikin gari yake a kan layin jirgin mai launin ja. Layuka huɗu ne kacal, mutum zai haddace su a yini guda, tikiti kuma bai kai Yuro 2 ba. Ana jin Turanci a nan fiye da Madrid da Rabat, iskar teku tana rage zafi, kifi kuma shi ne ginshiƙin abincinsu, wanda hakan sauƙi ne ga mai gudun naman da bai san yankansa ba. Babban masallacin birnin, da aka buɗe a 1985, yana kusa da dandalin Praça de Espanha, unguwar Martim Moniz kuma cike take da abincin halal.

Sunan araha da Lisbon ta yi a da ya fara gushewa, domin yawan masu yawon buɗe ido ya ɗaga kuɗin ɗaki, kuma tun Satumban 2024 ana karɓar harajin Yuro 4 a kowane dare daga kowane baƙo in ban da ƙananan yara, har zuwa dare bakwai. Babban rauninta shi ne keɓewa. Filaye uku ne kawai a Fotugal, na ukun yana Porto, tafiyar kusan awa uku a jirgin ƙasa. Babu jirgi mai sauri da ya haɗa Lisbon da Madrid a yanzu, sai jirgin sama na awa ɗaya da 'yan mintuna ko bas ta kusan awa takwas. Garin kuma tudu da gangare ne, da daɓen duwatsu masu santsi, abin da dattijo ko mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa.

| Ma'auni | Rabat | Madrid | Lisbon |
|---|---|---|---|
| Izinin shiga | Mafi sauƙi, wasu ƙasashen babu biza | Bizar Schengen, Yuro 90 | Bizar Schengen, Yuro 90 |
| Filaye a cikin birni | 1, da wani babba a kusa | 2 | 2 |
| Abinci da abin hawa | Araha | Tsada | Matsakaici |
| Masauki | Kaɗan ne, yana saurin cika | Da yawa, da tsada | Matsakaici, da haraji |
| Zuwa fili | Tasi, bas, jirgin ƙasa | Jirgin ƙarƙashin ƙasa | Jirgin ƙarƙashin ƙasa |
| Kaiwa sauran garuruwan gasa | Da kyau cikin Maroko | Mafi kyau | Porto kaɗai ke kusa |
| Sallah da halal | Ko'ina | Sai an nema | Sai an nema |
| Zafin Yuni da Yuli | Da dama-dama | Mai tsanani | Da dama-dama |

Abin da za a biya tun da wuri da abin da za a jinkirta

Ba a sanin garin da kowace ƙungiya za ta buga sai an yi ƙuri'ar raba rukuni, kuma ta gasar 2026 a ranar 5 ga Disamban 2025 aka yi ta, wata shida kacal kafin wasan farko. Wannan lokacin ne kuma ƙofar neman bizar Schengen ke buɗewa, ga shi kowa zai ruga neman ranar ganawa a lokaci ɗaya. Saboda haka duk ɗakin da za a kama kafin ƙuri'ar ya zama irin wanda ake iya sokewa a karɓi kuɗi, tikitin jirgi ma kada a biya wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Tikitin wasa a saye shi ta shafin FIFA kawai. A gasannin baya-bayan nan tikitin yana cikin waya ne, kuma na kasuwar bayan fage yana iya ƙin buɗe ƙofa bayan an biya ninkin kuɗinsa. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar barin yankin Schengen.

Wa ya dace da ina

Wanda bai taɓa fita Afirka ba, ko wanda fasfonsa babu tambarin wata tafiya a ciki, ya nufi Rabat, domin a can ne yiwuwar asarar kuɗi saboda hana biza ta fi ƙanƙanta. Haka mai tafiya da iyali ko da mahaifi dattijo, wanda sallah a kan lokaci da abinci ba tare da tambaya ba suka fi masa girman fili muhimmanci, sai dai ya kama masauki da wuri, ko ya yarda da kwana a Salé ko Kenitra.

Wanda ya riga ya saba samun bizar Schengen, yana da guzuri mai kauri, kuma burinsa ya ga wasanni da yawa har zuwa zagayen ƙarshe, Madrid ce tasa, kuma ita ce ta fi dacewa da mai bin ƙungiya duk inda ta je a Sifaniya. Mai hutun mako guda da ke son wasa biyu ko uku ba tare da doguwar tafiya ba, kuma bai damu da ko wace ƙasa ce ke bugawa ba, Lisbon za ta ishe shi.

Mai bin ƙasarsa ido rufe kuwa kada ya ɗaure kansa da gari tun yanzu. Ya tanadi kuɗi da fasfo da bayanan banki na watanni, ya jira ƙuri'a. Idan rukuninsu ya faɗa Maroko ya sauka Rabat, idan ya faɗa Turai ya nemi biza mai damar shiga fiye da sau ɗaya, domin zagaye na gaba yana iya tsallakar da ƙungiyar zuwa ɗaya gaɓar tekun.